Ranar da aka tafa wa mai shara

'Yan'uwana na Damagaram, salamu alaikum. Akwai maganar da na ɓoye muku shekara huɗu, yau zan faɗe ta. Duk wanda ya tambaye ni aikin da nake yi a Amurka, nakan ce masa a lakwal nake. Ban yi ƙarya ba, amma na bar ku kuna zaton alli nake riƙewa kamar da. Tsintsiya nake riƙewa. Ni ne mai shara da goge-goge a wata firamaren gwamnati a nan Girinsboro, jihar Karolina ta Arewa, garin da kuka sani 'yan Nijar sun yi yawa a cikinsa. Ina shiga ƙarfe 10 na safe, in tashi bayan 6 na yamma. Ko Hajiya mahaifiyata ba ta sani ba sai kwanan nan.

Abin da ya kwance mini baki ya faru ranar 2 ga watan Oktoba. Ina bayan kicin ina ɗaure buhunan shara aka kira ni a 'yar rediyon hannu, wai an zubar da madara a babban ɗakin wasanni, in zo maza. Na turo bokitina na tafi, raina a ɗan ɓace, don da safen nan na goge wurin. Ina tura ƙofa na tarar da makarantar gaba ɗaya zaune a ƙasa, aji-aji, da malamansu a tsaye jikin bango. Sai tafi ya kaure. Na waiga baya in ga babban baƙon da ya biyo ni, ba kowa. Ashe ranar ce suka ware a ƙasar nan don masu sharar makarantu, kuma ni da abokiyar aikina aka tara wa wannan taro.

Tafin bai girgiza ni kamar takardar da shugabar makaranta ta karanta ba. Ba yabon baka ta yi ba irin na "mutumin kirki ne, Allah ya saka". Abubuwa ta lissafa ɗaya bayan ɗaya. Ranar da bututun ruwa ya fashe cikin sanyi na kwana ina kwashewa don kada a rufe azuzuwa. Ranar da wani ƙaramin yaro ya yi amai a hanya na tsaya na kare shi da jikina har 'yan ajinsu suka wuce, don kada su yi masa dariya. Wallahi ni na manta da wannan, ashe akwai mai gani, kuma ya rubuta. Daga nan wata yarinya 'yar shekara shida ta karɓi abin magana, ta dubi ɗan guntun takarda a hannunta, ta ce: "Sannu da aiki." Da Hausa. Harshenta bai zauna daidai ba, amma na ji. Malamarsu ce ta je ta nemo kalmomin. Ina riƙe da sandar goge ƙasa hawaye suka zubo mini gaban yara sama da 400, kuma ban ji kunya ba.

Shekara takwas na yi ina malamin kwantaragi a jihar Damagaram. Ba sai na ba ku labarin ajin zana ba, ko jiran a gama girbi kafin a samu karan da za a kafa shi, ko zuwa gari bin kuɗin wata da ya makale. Kun sani, wasunku har yanzu a ciki kuke. Abin da nake so ku ji shi ne, cikin shekarun nan takwas babu takarda ko ɗaya da ta taɓa zuwa da sunana tana cewa an ga ƙoƙarina. Takardar tuhuma na taɓa samu, ranar da na makara saboda babur ya lalace a hanya. Shekarar da yara 31 cikin ajina suka ci sartifika, babu wanda ya ce uffan.

Na daɗe ina tunanin me ya sa mutanen nan suke haka, kuma na gane ba wai sun fi mu kirki ba ne. Tsari ne suka kafa, ko mai halin banza ya hau kujera sai ya bi shi. Makarantun gwamnati a nan a ƙarƙashin gunduma suke, tamu tana da makarantu sama da 100. Kwamitin da ke riƙe da ita mutanen gari ne suke zaɓensa da ƙuri'a, shi kuma ya ɗauki babban shugaban gunduma aiki, ya kuma sallame shi in bai yi ba. Zamansu a buɗe yake, kowa na iya zuwa ya rubuta sunansa a ba shi 'yan mintoci ya faɗi abin da ke ransa, ko da mai shara ne. Na je sau biyu. Kafin su taɓa maganar kuɗi ko rigima, sai sun fara kiran suna: yaran da suka yi nasara a gasar kimiyya, ƙungiyar 'yan matan da ta ci kofin ƙwallo, malamar shekara, direban bas ɗin da ya yi shekaru bai yi hatsari ba, matar da ke dafa abinci. Kowa ya fito a ɗauke shi hoto, a sa a jaridar gunduma da ake aiko wa iyaye. Direba da mai kicin da nas da mai ba yara shawara da tafinta, duk ma'aikatan ilimi ake kiransu. A watan Mayu kuma akwai mako guda cur na gode wa malamai, iyaye su yi ta kawo abinci da 'yan katuna.

Sai maganar ɗiyata. Da muka zo ba ta jin ko kalma ɗaya ta Turanci. Ranar rajista ba wanda ya tambaye mu takardun zama, don tun 1982 kotun ƙolin ƙasar ta yanke cewa ba a hana yaro makarantar gwamnati saboda takardun iyayensa. Tambayar da suka yi ita ce wane harshe ake yi a gida. Na rubuta Hausa hannuna na rawa, ni da na rataya wa yara sambol a wuya don sun yi Hausa a aji. A ƙarshen shekararta ta biyu aka gayyace mu bikin ba da lambobi. Na ce wa uwarta ba sai mun je ba, tunda na ga sakamakonta, ba ta kusa da na gaba-gaba. Ta ce, "Malam, mu dai je." Aka kira ta, aka ba ta lambar wadda ta fi kowa ci gaba a karatu. Ba da sauran yara suka auna ta ba, da kanta ta bara suka auna ta. Daga ranar yarinyar nan ba ta sake kwanciya ba littafi a gefenta ba.

A hanyar komawa gida na kasa magana, don wani yaro ya faɗo mini a rai. Kun san yadda muke yi ranar sakamako. A tara makaranta a fili, mushe, wato malamin aji, ya fara daga na ɗaya, a tafa. Yana sauka tafi na raguwa, har a iso na ƙarshe, a nan ne yara za su ɗauki ihu su raka shi har ƙofar gida. Ni da bakina na karanta sunan wannan yaro a ƙarshe sau uku a jere. Na san sai ya ɗebo wa gidansu ruwa kafin ya zo, na san a farkon shekara ko sunansa ba ya iya rubutawa, a ƙarshenta kuma yana haɗa jimla. Ban taɓa faɗin wannan a gaban kowa ba, tunda babu gurbinsa a takardar sakamako. Bayan bakans bai dawo ba. Mu ne muka kore shi, ni da al'adar da na gada ban tambaya ba. 'Yan'uwana malamai, wannan gyaran bai buƙaci jika ko ɗaya daga Yamai ba. Kwali ne da bik, da mushe ya lura.

Kada wani ya ce Amurka ta tafi da hankalina. Ni ne nake kwashe sharar ɗakin cin abinci, kuma babu ranar da zuciyata ba ta ƙuna. Tun 1946 suke da dokar ciyar da yara a makaranta, ɗan talaka yana ci kyauta ko da rangwame, wannan abin a yaba ne. Amma ku zo ku ga abin da ake zubarwa. Kwalin madara ba a ko buɗe ba, tuffa ba a ko gatsa ba, burodi cikin ledarsa, duk a jefa. Buhu nake ɗagawa da ƙyar, ina tuna yaran da ke zagaye mai ƙosai lokacin hutun safe ba su da ko dala biyar. Na yi magana har na gaji, aka dai yarda aka ajiye tebur guda inda yaro zai ajiye abin da bai taɓa ba don wani ya ɗauka. Rabin yaran ma ba sa kallonsa.

Sannan takardu. Saƙo a waya, saƙo a imel, takarda a jakar yarinya, kowace rana sa hannu. In za a fita da su kallon gidan tarihi, sa hannu. In za a ɗauki hoto, sa hannu. Sai tara kuɗi, ƙasa mai arziki irin wannan a ba ɗiyarka kundin kayan zaƙi ta bi maƙwabta tana talla don a saya wa makaranta kayan wasa. Lambobin ma wani lokaci sun yi yawa, har yaron da bai yi komai ba sai an nemo abin da za a ba shi, kuma yara ba wawaye ba ne, sun san wadda aka sha wuya a kanta. Ga rashin gaisuwa. Yaro ya wuce ka da safe kamar ya wuce turke, ko ya tsaya ya zuba maka ido cikin ido yana ba ka amsa. Su a wurinsu tarbiyya ce, ni har gobe ba ta zauna mini ba. Ɗiyata dai ta san in ta shigo gida sai ta rusuna.

Malamansu ma ba a aljanna suke ba. Na san wadda take tashi daga aji ta wuce kanti ta tsaya wurin karɓar kuɗi har dare. Da aljihunsu suke sayen fensir da takardun ado, har hukumar haraji ta amince a ɗan rage musu haraji kowace shekara saboda haka. A watan Mayun 2018 dubban malaman jihar nan suka sa jajayen riguna suka cika titunan Rali, babban birnin jiha, suna neman ƙarin albashi da kuɗin makarantu. Da aka ba ni labari na ce ashe ko'ina malami yake, da kukansa.

Abu guda kuma ba zan taɓa sabawa da shi ba. Lokaci-lokaci ana gwajin abin da za a yi in ɗan bindiga ya shigo. A kashe fitilu, a kulle ƙofofi, yara 'yan shekara biyar su takure a kusurwa ba mai tari. Aikina a ranar shi ne in bi ƙofofin waje in tabbatar kowace ta kullu. Ba wasa suke yi ba, a 2022 a garin Yubalde na jihar Tekzas yara 19 da malamai 2 aka kashe a cikin aji. Ina tafiya cikin shirun nan sai Maraɗi ta faɗo mini, watan Nuwamba na 2021, yaran da wuta ta cinye a ajin zana su fiye da 20, bayan na Yamai a watan Afrilun shekarar. Nakan jijjiga kowace ƙofa sau biyu ina karanta Ayatul Kursiyyu.

Kuma akwai abin da muke da shi wanda duk tafinsu bai biya mini ba. Zuwana gida na ƙarshe ina ratsa Kasuwar Dole wani ɗan kabu-kabu ya taka birki, ya sauko, ya cire hular kwano, ya ce, "Mushe, ba ka gane ni ba?" Ya kai ni har Birni, na yi na yi ya karɓi kuɗi ya rantse ba zai karɓa ba. A nan malami in ya yi ritaya an ba shi kek da kati, shi ke nan. Can kuwa mushe mushe ne har kabari. Sai dai girmamawar tamu mai riga take bi. Mai tsintsiya ba ya ciki, shi ya sa na yi shekara huɗu ina ɓoye halal ɗina kamar kayan sata.

Daren ranar na kira Hajiya, na aika mata hoton ta wayar ƙanena, ga ni da bokiti, ga yara. Ta yi shiru, sannan ta ce, "To kai shara kake yi?" Na ce, "I, Hajiya." Ta ce, "Da ita kake aiko mana?" Na ce da ita. Ta ce, "Allah ya yi wa tsintsiyar albarka. Amma da ka faɗa mini tun farko."

Yanzu ga roƙona ga waɗanda muka yi aiki tare a makarantata ta ƙarshe, kun san kanku. Akwai dattijon da ke gadi, shi ne mai share fili, shi ne mai cika randunan aji tun kafin mu iso, shi ne ke kwana yana tsaron zana kada awaki su cinye. Shekara uku ina wuce shi kowace safiya, "Baba mai gadi" kawai nake ce masa, sunansa na yanka ban taɓa tambaya ba. Don Allah wani ya bincika mini ko yana raye. In yana nan, ku faɗa mini sunansa cikakke da na mahaifinsa, ina so in rubuta masa takarda da Hausa a karanta masa a gaban yara ranar sakamako, kafin a kira na ɗaya. In kuma ya riga mu, ku nuna mini iyalinsa.