Hattara da masu tallar "katin nutso na kwana ɗaya" a Gardaƙa

Assalamu alaikum 'yan'uwa, musamman ɗalibanmu na Alkahira da 'yan kasuwar da ke shigowa Masar su ɗan leƙa bakin Bahar Maliya kafin su koma gida. Na daɗe ina jan ƙafa kan wannan rubutu saboda kunya, don ba wanda yake son ya fito ya ce an yi masa wayo. To shekaranjiya sai ga tallar nan ta sake faɗowa wani zauren WhatsApp na ɗalibai, hoto iri ɗaya, zance iri ɗaya, lambar waya kawai aka sauya. Har na ga yara biyu sun rubuta "a sa sunana". Shi ya sa na ce shirun ya isa.

Mu huɗu ne, bayan mun gama jarrabawa. Tallar ta ce kwana ɗaya a Gardaƙa, garin nan na bakin Bahar Maliya da ake kira Hurghada da Turanci: jirgin ruwa, abincin rana, nutso sau biyu da tukunyar iska, hotuna a ƙarƙashin ruwa, sannan a ƙarshe a ba ka "katin PADI na duniya" wanda za ka yi nutso da shi ko'ina. PADI ɗin nan ƙungiya ce da ke horar da masu nutso tana ba su katin shaida. Kuɗin bai kai rabin abin da sauran shaguna ke karɓa ba. Dillalin ya iya baki, yana ta "ya basha" da "habibi", har ya iya cewa "sannu da aiki" da Hausa, wai ya saba da 'yan Najeriya. Ya ce a tura kafin alƙalami ta asusun waya domin gurbi ya kusa cika. Muka tura. Babu rasit, babu sunan shago, sai alamar babban yatsa da ya aiko mana.

Muka bi motar dare daga Alkahira, awa biyar zuwa shida, muka isa da asuba. Abin da ya kira cibiyar nutso wani ɗaki ne a bayan shagon sayar da tawul da tabarau, ba allo, ba takardar lasisi a bango. Tun nan ya kamata jikina ya ba ni, amma kuɗi sun riga sun fita, kuma kowa na ɗokin ganin kifayen nan masu launi da muke gani a hoto.

Ba wanda ya ba mu takardar tambayoyin lafiya. Wannan ne ya fi tsaya mini a rai har yau, domin ɗaya daga cikinmu, wani ɗan Damagaram, mai sikila ne. Shi da kansa ya tambayi dillalin ko akwai matsala, amsar da ya samu da Larabci ita ce wai babu. Mutumin bai ko ɗago kai daga wayarsa ba ya ce "mafish mushkila". Alhali sikila tana cikin cututtukan da likitocin nutso ke hana mai su shiga ruwa da tukunya, saboda sanyi da gajiya da ƙarancin ruwan jiki duk suna iya tayar da ciwon, kuma alamominsa suna rikicewa da na ciwon nutso, wato wanda ke kama mutum in iskar da ta narke a jininsa ba ta samu ta fita a hankali ba. Haka asma da ciwon zuciya da farfaɗiya, duk sai likita ya duba ya sa hannu. Allah ne ya tsare abokin nan namu: jirgi na tashi jiri ya kama shi, ya yi ta amai, ya kwanta a benci bai shiga ruwa ba. A ranar muna yi masa dariya.

Da aka raba kaya, robar da ake cizawa a baki ta wadda aka ba ni duk an tattaune ta, gefe ɗaya ma ya yage. Bututun iskar an naɗe shi da baƙin salatif a wuri biyu. Na duba agogon tukunyar na ga allura a kan 120. A lokacin ban san komai ba, daga baya na ji cewa cikakkiyar tukunya tana kai kusan 200, kuma ana so ka fito ruwa da saura 50 a ciki. Ke nan tukunyar da wani ya riga ya sha kusan rabinta aka ɗaura mini. Da na ja iskar kuma sai na ji ɗanɗanon mai a maƙogwaro, kamar ka tsaya bayan janareto. Na yi magana, aka ce haka take. Ba haka take ba. Iskar tukunya ba ta da wari ba ta da ɗanɗano. In ka ji mai, to injin da ke ɗura ta ba a kula da shi, ko an ajiye shi inda yake zuƙar hayaƙin inji, kuma hayaƙin nan yana ɗauke da gubar da a cikin zurfi take iya sumar da mutum bai ankara ba.

Bayanin da aka yi mana bai kai minti biyar ba, rabi da Larabci rabi da hannu. Mutum ɗaya ya ja mu mu shida, mu uku da wasu baƙi uku. Ba a koya mana yadda ake toshe hanci a hura a hankali don daidaita kunne ba, ba a koya mana fitar da ruwa daga tabarau ba. Muna sauka kunnena ya ɗauki zafi kamar ana soka mini tsinke. Ina fama da wannan sai na ga abokina na gefe yana fisge-fisge, ruwa ya cika masa tabarau, ya tsorata, ya harba sama da gudu. Jagoran yana can gaba yana ɗaukar baƙin nan hoto.

Ga abin da ya sa wannan ba wasa ba ne. A zurfin mita 10 matsin da ke kan jikinka ninki biyu ne na wanda ke sama. Iskar da ka shaƙa a can, in ka riƙe numfashi ka taso, za ta kumbura ta ninka a cikin huhunka, tana iya fasa shi. Shi ya sa doka ta farko da ake koya wa kowane ɗalibin nutso ita ce kada ka taɓa riƙe numfashi, kuma ka taso a hankali. Mu ba wanda ya faɗa mana. Da muka hau jirgi abokin nan yana tari, kansa na sara. Ɗaya daga cikin baƙin, wata dattijuwa Baturiya da alama ta san harkar, ta tambayi ina tukunyar oksijin ta gaggawa. Aka dubi juna. Babu. Ita ce ta matsa sai da aka juya jirgi, muka kai shi wurin likita. Alhamdu lillahi bai samu mummunan rauni ba, amma kuɗin asibiti daga aljihunmu suka fito, dillali kuwa tun a bakin gaɓa ya ɓace.

Katin fa? Ya aiko da shi bayan sati biyu ta hannun wani direba. Ɗan kwali ne da aka lulluɓe da leda a shagon hoto, da sunana da kuskuren rubutu, da tambarin da aka kwafo daga intanet. Ban tabbatar da girman abin ba sai bayan watanni, da na je Dahab, wani garin bakin teku a yankin Sinai, na shiga wata cibiya ta gaskiya na miƙa shi da ƙarfin gwiwa. Malamin wurin ya juya shi gaba da baya, ya shigar da sunana da ranar haihuwata a kwamfuta, babu ni babu dalilina. Ya ce, "Ɗan'uwa, wa ya ba ka wannan?" Na rasa bakin magana.

Shi ne ya zaunar da ni ya warware mini. Abin da aka yi mana, in ma an yi shi daidai, nutson gwaji ne kawai, wanda ba ya wuce mita 12, malami na kusa da kai, kuma ba ya ba ka katin komai. Matakin farko na gaskiya a tsarin PADI yana cin kwana uku zuwa huɗu. Akwai karatu da jarrabawa, akwai darussa biyar a ruwa mara zurfi, akwai nutso huɗu a teku, kuma sai ka nuna ka iya iyo na mita 200 ka kuma tsaya a saman ruwa minti 10. Bayan duk wannan iyakarka mita 18. To duk wanda ya ce zai ba ka wannan katin tsakanin hantsi da la'asar, ƙarya yake yi, ko da kuwa ya rantse.

Abin takaicin, gane su ba shi da wuya. A Masar akwai hukumar da ake kira CDWS, wadda aka kafa a 2007, ita ke sa ido kan cibiyoyin nutso tare da ma'aikatar yawon buɗe ido, kuma tana da jerin cibiyoyin da ke da lasisi a shafinta. Ka nemi cikakken sunan shago ka duba kafin ka tura ko fam ɗaya. Dillalin da ya ƙi faɗa maka sunan shago ya riga ya ba ka amsa. Kowane malamin PADI kuma yana da lambarsa, ana iya duba ta a shafin ƙungiyar a ga ko izininsa na aiki. Ba PADI kaɗai ba ce, akwai SSI da CMAS, duk sanannu ne, abin dai a iya tabbatarwa. Malamin kirki ba ya jin haushi don ka tambaye shi lambarsa. Na Dahab ɗin nan ma shi ya ciro katinsa ya ajiye mini a tebur tun ban tambaya ba.

In ka isa, kar ka ji nauyin taɓa kaya. Mu Hausawa kara tana cutar mu a irin wannan wuri, sai mutum ya ga abu bai yi masa ba ya yi shiru don kada a ce ya cika ƙorafi. Duba wuyan tukunya, akwai kwanan watan gwajin da aka buga a jikin ƙarfen. Ja iskar sau uku kana kallon allura, in tana rawa akwai matsala. Ka ce a nuna maka oksijin ɗin jirgi da idonka. Ka tambayi ina ɗakin matsin iska mafi kusa, wato inda ake kai wanda ciwon nutso ya kama. Akwai a Gardaƙa, akwai a Sharm el-Sheikh, akwai a Dahab, kuma mai sana'ar gaskiya zai faɗa maka ba tare da ya yi tunani ba. Ka tambayi inshora ma, don jinya a ɗakin nan tana da tsada sosai.

Sai wani abu da ya shafe mu kai tsaye. Da yawanmu in mun je Sinai muna haɗa tafiya biyu: a yi nutso da rana, da dare a hau dutsen Ɗuri Sina don a ga fitowar rana. Dutsen nan ya haura mita 2,200, hawansa bayan nutso daidai yake da shiga jirgin sama, duka biyun suna iya tayar da ciwon nutso. Ƙa'idar ita ce a jira aƙalla awa 12 bayan nutso ɗaya, awa 18 in an yi fiye da ɗaya, domin iskar da ta narke a jini ta samu ta fita. Dillalan nan suna sayar da tafiyar biyu a haɗe ba tare da sun ce uffan ba. In dole sai ka yi duka, fara da dutsen.

Haka kuma in wani ya ce zai kai ka ramin nan na Dahab da ake kira Blue Hole ya ratsa da kai ta ƙofar dutsen da ke ƙasa, ka tashi ka bar wurin. Ramin ya kai zurfin mita 100, ƙofar tana wajen mita 55, ta ci ƙwararru da yawa, allunan sunayensu na nan manne a jikin dutsen bakin ruwa. Na tsaya na karanta wasu.

Lambar dillalin namu ta daina shiga tun ranar da na aika masa hoton katin na tambaye shi lambar malamin da ya sa hannu. Sabuwar lambar da ke yawo yanzu na tura wa shugabannin zauren, na roƙe su su goge tallar. Yaran nan biyu da suka ce a sa sunansu, in kun riga kun tura kuɗi ku neme ni ta akwatin saƙo kafin ku hau mota, katin yana nan a wurina, zan nuna muku shi.