Sharhi kan kwas ɗin Cryptography I ga mai son koyarwa da bincike a tsaron intanet

Duk wanda ya ƙudurta zama malamin jami'a a fannin tsaron intanet ko fasahar bulokcen (kundin cinikayya da kwamfutoci da yawa suke riƙe da shi tare), ba zai yi nisa ba zai gane cewa iya sarrafa manhaja daban yake da iya kafa hujja. Kwas ɗin Cryptography I, na ilimin ɓoye saƙo, wanda Farfesa Dan Boneh na Jami'ar Stanford yake gabatarwa a dandalin Coursera tun 2012, a kan kafa hujja ya tsaya, kuma a ganina nan ne darajarsa take.

Darussan sun ɗauki makonni shida, sun fara daga dabarun ɓoye saƙo da mabuɗi guda, irin su DES da AES, suka ƙare da masu mabuɗin jama'a (mabuɗi biyu: na rufewa da kowa zai iya sani, da na buɗewa na sirri), wato RSA da ElGamal. Sai dai jerin batutuwan ba shi ne abin da ya fi jan hankalina ba. Kafin malamin ya ce wata dabara tana da tsaro, sai ya fara fayyace abin da ake nufi da tsaron: me mai kutse yake iya gani, me aka ba shi damar tambaya, kuma wane sakamako ne za a ƙirga a matsayin nasararsa. Bayan haka ne yake nuna cewa wanda ya iya karya dabarar, to ya warware wata matsalar lissafi da ake ɗauka mai wuyar gaske. Wannan salo shi ne harshen da ake rubuta maƙalun bincike da shi a fannin, kuma ɗalibin da bai saba da shi ba zai sha wahala a gaban masu tantance aikinsa, komai gwanintarsa wajen rubuta manhaja.

Misalan da ake kawowa daga kurakuran da suka faru a zahiri ne. Bayanin da aka yi kan WEP, tsohon tsarin kariyar Wi-Fi, ya isa abin koyi ga mai shirin tsayawa gaban aji: lambar da ake haɗawa da mabuɗin a kowane saƙo, tsawonta bit 24 ne kawai, don haka tilas ta maimaitu bayan saƙonni kusan miliyan 16, kuma da zarar ta maimaitu, asiri ya tonu.

Ayyukan rubuta manhaja ba dole ba ne, amma wanda ya tsallake su ya bar rabin amfanin. A mako na uku ana raba fayil ɗin bidiyo gida-gida, a ciro hatimin lissafi (gajeriyar lamba da ke canzawa in an taɓa abin da ke cikin gidan) na gidan ƙarshe da dabarar SHA-256, a liƙa shi a jikin wanda ya gabace shi, a ci gaba haka har zuwa na farko, ta yadda canza harafi guda a ko'ina zai ɓata hatimin gidan farko. Wanda ya yi wannan da hannunsa ya riga ya fahimci dalilin da ya sa yake da wuya a sauya tarihin cinikayya a Bitcoin, wanda shi ma SHA-256 yake amfani da shi.

Akwai iyaka da ya kamata a sani tun da wuri. Kwas ɗin ba na bulokcen ba ne, kuma bai zurfafa a kan sa hannu na lissafi (hanyar tabbatar da wanda ya aiko saƙo) ba, duk da cewa Boneh yana cikin mutum uku da suka ƙirƙiro sa hannun BLS a 2001, wanda bulokcen ɗin Ethereum yake aiki da shi a yau. Batun yadda kwamfutoci masu yawa suke cimma matsaya guda a bulokcen ma sai an nemo shi a wani wuri. Haka kuma, wanda ya daɗe bai taɓa lissafin yiwuwar aukuwa ba gara ya waiwayi littattafansa kafin ya fara, domin malamin yana da sauri, kuma tambayoyin ƙarshen mako ba sa amsuwa da hadda.