Candombe da tango: ina gangar ta shiga?

Ɗan'uwa da ka tambaya wai in dai gaskiya ne tango daga kiɗan baƙar fata ta samo asali, to me ya sa ba ka taɓa jin ganga a cikinta ba, bari in ɗora maka candombe da tango gefe da gefe.

Candombe dai kiɗan jikokin bayi ne da aka kwaso daga Afirka, galibi yankin Kongo da Angola, aka sauke su a Montevideo ta Yurugwai da Buenos Aires ta Ajantina. Ganga iri uku ce, chico ƙarama, repique, sai babbar da suke kira piano, ana rataya su a kafaɗa a doka da hannu ɗaya da makaɗi ɗaya, kuma har yau sai sun hura wuta a titi sun gasa fatun kafin su fara kamar dai yadda makaɗanmu ke yi in fata ta saki. Kiɗan titi ne, gungu guda ana tafe ana rawa kowa da jikinsa, musamman a unguwannin Barrio Sur da Palermo na Montevideo.

Ita kuwa tango a ƙarshen shekarun 1800 ta fito a unguwannin talakawa na waɗannan biranen biyu inda baƙi ’yan Italiya da Sifaniya suka cakuɗe da baƙar fata da makiyayan karkara. Mutum biyu ne rungume da juna a cikin ɗaki, kayan kiɗan kuma gogen Turawa, fiyano, babban bas, da bandoneon, wani akwatin kiɗa da ake ja ana matsewa, wanda daga Jamus aka kawo shi. Ganga babu.

Ni a ganina cewa candombe ce uwar tango kai tsaye an yi zuzutawa, domin akwai kiɗan habanera na Kyuba da milonga, wani kiɗan rawa mai sauri na wannan yankin, a tsakani, kuma ta hanyar milonga ɗin ce bugun ya fi ratsowa. Amma masu cewa tango ta Turawa ce zalla su ma ba su kyauta ba wallahi, ai Rosendo Mendizábal wanda ya tsara ɗaya daga cikin tsofaffin tango a 1897 baƙar fata ne ɗan Ajantina. Gangar aka ajiye, aikinta ya koma hannun mai fiyano da mai bas, shi ya sa za ka ji suna dukan kayan nasu kamar masu huce haushi. Da tango ta yi tashe a Paris wajen 1913 masu kuɗin Buenos Aires suka rungume ta, sai aka ƙara goge mata duk wani abu da ke tuna asalin.

Daga baya mawaƙin tango Alberto Castillo ya dawo da candombe cikin waƙoƙinsa a shekarun 1940, Piazzolla mai tsara kiɗan tango kuma ya bi wata hanyar daban. UNESCO dai a 2009 ta sa su duka biyun cikin jerin al'adun duniya. In kana son jin dangantakar da kunnenka, milonga za ka nema ka saurara, ba tango mai sanyin nan ba.