Reconyx HyperFire 2: kyamarar da ke gadin daji a madadin ma'aikaci

Ma'aikacin gandun daji ba zai kwana a bakin kowace mashaya ba, shi ya sa ake ɗaure kyamara a jikin bishiya ta riƙa ɗaukar duk abin da ya gifta. HyperFire 2 ta kamfanin Reconyx na Amurka tana cikin waɗanda masu binciken namun daji suka fi amincewa da su. Tsada kam tana da ita, kuɗinta ya isa a sayi ƙananan kyamarori biyu ko uku.

Sauri ake saya. Tsakanin jin motsi da ɗaukar hoto daƙiƙa 0.2 ne kacal, alhali kyamara mai jinkiri wutsiyar damisa kawai za ta nuna maka. Hasken da take amfani da shi da dare ido ba ya ganinsa, dabba ba ta razana, mafarauci ma sai ya wuce bai ankara ba. Hoton ba na ado ba ne, na dare ma baƙi da fari ne, amma ya isa a bambanta gwanki da kanki.

Batir 12 take ci, ƙanana samfurin AA. A sa na litiyam ko masu caji, kada a sa na tocila, kuma kada a gauraya sabo da tsoho.

Inda take gazawa shi ne zafi, kuma duk kyamarori irinta haka suke. Abin da ke tayar da ita bambancin ɗumi ne tsakanin jikin dabba da abin da ke bayanta. A daji irin Yankari, cikin Maris da Afrilu, ɗumin ƙasa kan zo kusan daidai da na jikin dabba da rana, sai gada ta ratsa gabanta ba ta ɗauka ba. Busasshiyar ciyawa kuwa da rana ta gasa, iska na kaɗa ta, sai kyamarar ta cika katin ajiyar hotuna da dubban hotunan banza, batir ya ƙare a wofi. Maganinsa a sassabe ciyawar kamar mita 4 a gabanta, a ɗaure ta a inuwa tana kallon arewa ko kudu, ba gabas ko yamma ba, a tsayin gwiwa, wato santimita 40 zuwa 50. Ta fuskanci turbar dabbobi a karkace. Kafin a tafi, mutum ɗaya ya yi rarrafe a gabanta a ga ko ta ji shi. Abin dariya ne, amma shi ne gwajin gaskiya. A mashaya, a saita ta ta riƙa ɗauka da kanta duk minti 5.

Kura na tauna ta, giwa na tumɓuke ta, birai na juya ta ta koma kallon sama, don haka akwatin ƙarfe da kebul mai kwaɗo dole ne, kuma daban ake sayensu. Ƙurar hunturu na dusashe gilashin, a goge duk zuwa. A cire ta kafin a fara ƙonan daji. Da damina a duba robar murfi, a jefa ƙullin silika a ciki saboda danshi.

Kwanan wata da agogo kuwa a duba su duk lokacin da aka canja batir, don hoton zaki mai kwanan wata na ƙarya ba ya shiga lissafi. Zagaye ɗaya a wata ya wadatar.