Bokitin wanke hannu ko man goge hannu a ƙofar wurin aiki?

Bayan da aka sassauta dokokin korona, masu shaguna da ofisoshi a Maraɗi sun yi ta tambaya: a bar bokiti a ƙofa, ko man goge hannu ya wadatar?

Bokiti mai famfo da sabulu ya fi araha, amma yana son mai kula: a cika shi, a zubar da ruwan dauɗa, kowa ya cuɗa hannu daƙiƙa 20. Ranar da aka ɗauke ruwa, ya zama ado.

Man kuwa sai alkol ɗinsa ya kai kashi 60 cikin 100. In aka bar shi buɗe cikin zafin Afrilu, ƙarfinsa raguwa yake, ga shi wuta na kama shi. Hannu mai maiƙo ko ƙura kuma ya fi ƙarfinsa.

Gareji, mahauta da masu matsar man gyaɗa, bokiti ne nasu. Ofis da teburin karɓar kuɗi, man ya fi musu sauƙi.