Biza 190 ko 491: Wacce Za Ka Nema a Ostareliya?

Injiniya, na ga tambayarka. Ka ce shekarunka 32, kana da digiri a injiniyancin gine-gine, ka yi shekara shida kana aiki, ka samu 7 a kowane ɓangare na jarrabawar Turanci ta IELTS, kuma da iyali za ka tafi. Wani ya ba ka shawara ka tsaya kan biza 190 kaɗai, wai 491 ta ƙauye ce. Ban yarda da shi ba, ga kuma dalilina.

Duka biyun bizar ƙwararrun ma'aikata ce, kuma hanyarsu ɗaya ce tun daga farko. Sai hukumar da ke kula da sana'arka ta tantance takardunka, a wajenka Engineers Australia ke nan. Daga nan ka cike takardar nuna sha'awa a SkillSelect, shafin gwamnatinsu na intanet, wadda ake kira EOI, kyauta ce kuma tana zama shekara biyu. Sai wata jiha ta ga bayananka ta tsaya maka, sannan ma'aikatar harkokin cikin gida ta aiko da gayyata, ka samu kwana 60 ka shigar da takardar neman biza. Dole a gayyace ka kafin ka cika 45, kuma makin da ake lissafa maka bisa shekaru, karatu, aiki da Turanci kada ya gaza 65. Kuɗin bizar ma kusan ɗaya ne, wajen dalar Ostareliya 5,000 ga mai nema shi kaɗai, ban da na mata da yara.

Inda suka rabu shi ne abin da za a miƙa maka a hannu. Biza 190 ta zaman dindindin ce tun ranar da aka ba ka. Biza 491 ta wucin gadi ce, shekara biyar, an ɓullo da ita a Nuwamban 2019 a madadin tsohuwar 489. Sai ka riƙe ta shekara uku, kana zaune kana aiki a inda aka yarda, sannan ka nemi 191, wadda ita ce ta dindindin. Saboda wannan jiran ne gwamnati ta sa mata tukwici mai tsoka: jiha in ta tsaya maka a 190 maki 5 za a ƙara maka, a 491 kuwa 15.

To mu ɗauki alƙalami mu lissafa naka. Shekara 25 zuwa 32 maki 30. Digiri 15. Aiki a wajen Ostareliya na shekara biyar zuwa bakwai 10. Turanci a matakin 7 shi ma 10. Jimla 65 cif, wato kana bakin ƙofa. Da 190 ka zama 70, da 491 ka zama 80. Wanda duk ya bibiyi yadda ake gayyatar injiniyoyi daga waje ya san 70 ba ta cika ɗaga kan kowa ba, don 65 ɗin nan izinin shiga layi ne kawai, jihohi kuwa daga sama suke tsinta. Ga wani abin da mai ba ka shawara bai duba ba: ranar da ka cika 33 maki biyar sun tafi, kuma makin da kake da shi ranar gayyata ake dubawa, ba na ranar da ka cike fom ba. Ka sauko 60 ke nan. Da 190 ka koma 65 daidai, da 491 kana da 75. Kana zaman jiran 190, kalanda tana cin makinka.

Batun ƙauye kuma, abin dariya ne. A dokar shige da ficensu, duk inda ba Sydney, Melbourne ko Brisbane ba, yanki ne da mai 491 zai iya zama. Perth tana ciki, birnin da mutanensa sun haura miliyan biyu. Adelaide tana ciki. Canberra, babban birnin ƙasar da kansa, tana ciki. Haka Hobart, Darwin, Gold Coast, Newcastle, Wollongong da Geelong, wadda tafiyar kusan awa ɗaya ce daga Melbourne. Ga injiniyan gine-gine, jihar Yammacin Ostareliya, inda Perth take, da ma'adinanta da hanyoyinta ba wajen rainawa ba ne. In kuma masallaci da naman halal ne damuwar Hajiya, babban masallacin Adelaide tun wajen 1888 yake tsaye, masu raƙuma da aka kawo daga Afganistan da kewayenta ne suka gina shi, na Perth kuwa tun 1905. Gaskiya ne ba za ka samu cikar Musulmi irin ta unguwar Lakemba a Sydney ba, amma Juma'a ba za ta wuce ka ba.

Sai dai kada in sayar maka da 491 kamar ba ta da ƙaya. Tana da ita, kuma a nan ne 190 ta yi mata fintinkau. Alkawarin da mai 190 ke yi wa jiha, galibi na zaman shekara biyu, alkawari ne tsakaninsa da jihar, ba a rubuta shi cikin sharuɗɗan bizarsa ba. Cika shi mutunci ne, kuma ina ba kowa shawarar ya cika, tunda hannu ya sa. Na mai 491 kuwa sharaɗi ne na doka, lambarsa 8579: zama, aiki da karatu duk a yankin da aka ware, kai da matarka da 'ya'yanka. Ka ɗauka kana Newcastle, wata huɗu ba aiki, sai wani kamfani a Sydney, wadda jiharsu ɗaya, ya kira ka da albashi mai kyau. Mai 190 na wannan jihar zai haɗa kayansa ya tafi. Kai ba dama, in ka tafi ka saɓa sharaɗi, ana iya soke bizar, 191 kuma ta kuɓuce. In ka canza gida ko wurin aiki, kwana 14 gare ka ka sanar da ma'aikatar harkokin cikin gida. Kuma da zarar an ba ka 491, ba za a ba ka 190 ko 189 (ta dindindin da ba ta buƙatar jiha ta tsaya maka) ba sai ka riƙe ta shekara uku, saboda haka ba matattakala ba ce da za ka taka wata shida ka tsallake. Wasu masu ɗaukar aiki da bankunan bashin gida su ma suna ɗan ja da baya in suka ga biza ta wucin gadi.

Abubuwa biyu ne suka rage mata ɗaci. Na farko, mai 491 yana shiga Medicare, tsarin lafiyar gwamnati, kamar mai 190. Na biyu, da can an ce sai kana samun abin da bai gaza dala 53,900 a shekara ba kafin a ba ka 191, amma an cire wannan ƙa'ida. Abin da ake nema yanzu shi ne takardun haraji na shekara uku daga hukumar harajinsu, da shaidar cewa ka bi sharuɗɗan bizarka. A wajen zama ɗan ƙasa ma tazarar ba ta kai yadda ake zato ba. Ana son shekara huɗu na zama bisa ƙa'ida, ta ƙarshe a matsayin mazaunin dindindin, kuma shekarun 491 suna shiga lissafi. Uku a 491, ɗaya bayan an ba ka 191, sai ɗan jinkirin da aikin ofis zai ƙara. Mai 190 shi ma huɗun zai jira.

Akwai kuma abin da ya kamata ka sa a ranka: zaɓin nan ba duka a hannunka yake ba. Kowace shekara, wadda ke farawa 1 ga Yuli, gwamnatin tarayya ce ke raba wa jihohi shida da yankuna biyu guraben da za su cike. A shekarar 2024 zuwa 2025 guraben 190 sun kasance 16,500, na 491 kuma 9,760 a duk ƙasar. New South Wales, Victoria da Yammacin Ostareliya kowacce ta samu 5,000, Queensland kuwa 1,200 kacal. Kowace jiha kuma da nata salon. Victoria da Tasmania suna son ka sake yin rajista a nasu shafin bayan EOI. Canberra tana da nata ma'aunin makin daban. Da yawansu sun fi karkata ga wanda ya riga ya zauna a jihar yana aiki ko ya yi karatu a can, kai da ke nema daga Najeriya ragowar ake ba ku. Jerin sana'o'in ma yana canzawa, abin da jiha ta buɗe a Agusta tana iya rufewa kafin shekara ta ƙare. Shi ya sa nake cewa ka zaɓi duka biyun a EOI ɗinka, doka ba ta hana ba. Wadda ta fara zuwa ka duba ta da idon basira, ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.

Kafin nan akwai maki 15 da ke kwance a gidanka. In ka ɗaga Turancinka zuwa 8 a kowane ɓangare, ko kwatankwacinsa a wata jarrabawar Turanci mai suna PTE, makin ya tashi daga 10 zuwa 20. Fasfo ɗin Najeriya ba ya cikin waɗanda aka yafe wa jarrabawar, duk da Turanci muke aiki da shi, sai haƙuri. In Hajiya ta zauna ta samu 6 a kowane ɓangare, an ƙara maka 5. Wannan na biyun riba biyu ne, domin in ba ta da shaidar Turanci ko kaɗan, akwai wani kuɗi na biyu da za a caje ka a kanta kafin a ba da biza, shi ma ya doshi dala 5,000. Da waɗannan, ko bayan ka cika 33, kana da 75 naka na kanka, 80 da 190, 90 da 491. A nan ne maganar 190 za ta fara zama magana.

Ga masu karanta wannan da ke da mata fiye da ɗaya: dokarsu mace ɗaya ta sani, kuma tana son aure ya kasance tsakanin mutum biyu ban da kowa. Mai irin wannan hali ya ga lauya kafin ya kashe ko sisi, kada kuma ya ɓoye, don bayanin ƙarya ko takardar bogi na jawo hana biza har shekara uku.

Wannan gargaɗin ya shafi shekarun aikinka ma. Kada ka rubuta shida sai kana da wasiƙar wurin aiki da takardun albashi da bayanan banki da za su tsaya maka, domin duk makin da ka ce kana da shi sai ka kawo hujjarsa bayan gayyata, in ya gaza an ƙi bizar, kuɗin kuma ba ya dawowa. Rahoton ƙwarewa da Engineers Australia ke nema, wanda za ka ba da labarin ayyuka uku da ka yi da hannunka, kai za ka rubuta shi. Masu sayar da shi a intanet kwafe suke yi, hukumar kuma tana bincika. In za ka ɗauki wakilin neman biza, ka tambaye shi lambar rajistarsa ta MARN ka duba a shafin OMARA, hukumar da ke yi wa irin waɗannan wakilai rajista. Duk wanda ya ce maka yana da hanya a wata jiha, babu jihar da ke sayar da gurbi.

Ka fara da tantancewar Engineers Australia a wannan watan, tunda ba a cike EOI sai da ita, ku kuma yi rajistar jarrabawa kai da Hajiya. Ka gaya mana watan haihuwarka, sai mu ga ko akwai sauran lokaci kafin maki biyar ɗin su tafi.