Ofishin lauyan da muka kai wa rabon gadon mahaifinmu a Jos

Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya rasu ya bar mata biyu da 'ya'ya bakwai, maza uku da mata huɗu, sannan ya bar gidan da muka tashi a ciki, da shago guda, da wani fili a bayan gari ta wajen Bukuru. Bayan iyayenmu mata sun cika wata huɗu da kwana goma sun fita takaba, sai babban yayanmu ya je wurin malamin unguwarmu domin ya zo ya raba mana, kamar yadda aka saba. Malamin ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya ce lissafin gado ba zai gagare shi ba, amma maganar filin ta fi ƙarfin allo da alƙalami, don haka mu nemi lauyan da ya san fiƙihu kuma ya san dokar ƙasa. Shi ne ya kwatanta mana wani ƙaramin ofishi a saman bene kusa da titin Bauchi, inda muka yi ta zirga-zirga kusan wata biyar, kuma aikin wannan ofishi nake son in bayyana wa duk wanda irin wannan buƙata ta taso masa.

Ranar farko mun biya naira dubu goma kuɗin ganin lauya, aka ba mu rasit, muka zauna da shi fiye da awa biyu. Abin da ya fara burge ni shi ne bai yarda ya yi magana da maza kaɗai ba. Ya ce sai an zo da matan marigayi da 'yan'uwanmu mata, domin kowannensu magaji ne da haƙƙinsa, kuma ba ya son daga baya wata ta ce an yanke hukunci a bayan idonta. Da suka zo a zama na biyu, ya tashi ya gaishe su, yana kiran mahaifiyata Hajiya Babba, abokiyar zamanta kuma Hajiya, kuma duk bayanin da ya yi da Hausa ya yi shi, a hankali, yana tsayawa yana tambaya ko an gane.

Kafin ya taɓa lissafi sai ya tambaye mu bashi. Ya bayyana cewa a shari'ar Musulunci ba a raba dukiyar mamaci sai an fitar da kuɗin jana'iza, an biya basussuka, an zartar da wasiyya, sannan abin da ya saura ya zama na magada. Nan ne muka shiga wurin da ya fi yi mana wuya, domin mahaifinmu ya bar wasiyya biyu da baki a gaban shaidu. Ta farko ita ce a bar wa ƙanenmu shagon, tunda shi yake zama a ciki. Ta biyu ita ce a ba agolan gidanmu, ɗan da Hajiya ta zo da shi yana ɗan shekara uku kuma mahaifinmu ya rene shi har ya aurar da shi, wani kaso da zai ja jari. Mu a tunaninmu ta farkon ce mai ƙarfi, tunda ɗan cikinsa ne, ta biyun kuma sai yadda muka ga dama. Barista ya nuna mana cewa akasin haka ne. Babu wasiyya ga magaji sai idan sauran magada sun amince, domin Allah ya riga ya yanka masa rabonsa, amma agola ba ya gado, saboda haka wasiyyar da aka yi masa tana aiki muddin ba ta wuce sulusin dukiya ba, kamar yadda ya zo a hadisin Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas.

Na daɗe ina juya wannan hukunci a raina, domin a cikinsa na fara ganin abin da ake nufi da doka. A da ina ɗaukarta a matsayin umurnin masu mulki kawai, abin da ɗan sanda da alƙali ke tilasta wa talaka. Amma ga hukunci guda da ya hana uba fifita ɗa ɗaya a kan 'yan'uwansa bayan ba ya raye balle ya gyara ɓarnar da hakan zai jawo, kuma ya buɗe masa ƙofar kyautata wa yaron da ya rena ko da ba jininsa ba ne. Abin da al'umma take girmamawa, wato zumunci da adalci tsakanin 'ya'ya da riƙon maraya, shi ne aka mayar ƙa'ida mai iyaka da adadi, yadda ba za a bar shi a hannun son zuciyar wanda ya fi ƙarfi a gida ba.

Lissafin kansa bai ɗauki lokaci ba. Bayan an cire bashi da wasiyyar agola, ya kasa sauran kashi 80. Matan biyu suka raba tumunin takaba, wato kashi 10, kowace ta samu 5. Sauran 70 ya hau kan 'ya'ya, kowane namiji 14, kowace mace 7, bisa ayoyin gado na Suratun Nisa'i. Ya kawo masu kimanta gida guda biyu daban-daban domin kada a ce an yi son kai a farashi. Game da shagon kuwa, 'yan'uwanmu mata ne suka fara cewa sun amince a bar wa ƙanenmu, amma Barista bai karɓi maganar nan take ba. Ya gana da kowace ita kaɗai, ya tabbatar ba kunya ko matsin lamba ba ne ya sa ta faɗi haka, kuma da ɗaya daga cikinsu ta ce ita tana son kasonta saboda kuɗin makarantar yaranta, sai ya tsara yadda ƙanenmu zai biya ta a hankali ba tare da an ji kanta da kowa ba. Wannan kaɗai ya isa in ce kuɗinmu bai tafi a banza ba.

Maganar fili ce ta fitar da mu daga littattafan fiƙihu zuwa wasu dokokin. Mahaifinmu ya saye shi ne daga hannun wani mutum ɗan ƙabilar Birom, kuma abin da ya bari shaida shi ne takarda guda da hannun mai unguwa a kai, wadda ya adana a akwatin ƙarfe. Barista ya ce takardar tana nuna an biya kuɗi, amma akwai tambayoyi biyu da ba ta amsa ba. Ta farko ta shafi al'ada. A ƙabilu da dama na Najeriya gonar gado ta dangi ce gaba ɗaya, kuma kotuna sun daɗe da amincewa cewa mutum ɗaya ba ya sayar da ita sai da yardar shugaban gida da manyan dangi. Ta biyu ta shafi Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta kafa, ta sanya dukkan ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana ga jama'a, har ya zama abin da mutum yake da shi haƙƙin zama ne da amfani, wanda takardar gwamnati kan ba shi galibi na shekara 99.

Maimakon ya rubuta wasiƙa daga ofis, sai ya ɗauke mu a motarsa muka je gidan mutanen. Dattijon gidan ya tuna mahaifinmu, ya tabbatar da cewa da saninsu aka yi cinikin, ya kira ƙannensa biyu suka sa hannu a sabuwar takarda, ya kuma yi mana ta'aziyya da Hausa mai kyau. Wanda ya san rikicin ƙabilanci da addini da garin nan ya gani a 2001 da 2008 da 2010 zai fahimci dalilin da ya sa wannan zama ya tsaya mini a rai. A hanyar dawowa Barista ya ja hankalina ga cewa dokarsu ta gargajiya da ta hana ɗa guda sayar da gonar dangi, da shari'armu da ta hana uba mallaka wa ɗa guda ta hanyar wasiyya, duk abu ɗaya suke tsaro, kada a cuci na baya.

Ya kuma yi mana bayanin inda za a je da an samu saɓani. Kundin tsarin mulki na 1999 ya ba kowace jiha da ke buƙata damar kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a da kuma ta al'ada, kuma Jihar Filato tana da duka biyun, duk da cewa ba ta cikin jihohi 12 da suka faɗaɗa shari'a zuwa hukuncin laifuka, waɗanda Zamfara ce ta farko a cikinsu. Sashe na 277 ya lissafa aure da gado da wasiyya da kyauta da waƙafi cikin abubuwan da kotun shari'a ke dubawa. Da ƙanwata ta tambaye shi ko al'ada na iya hana mace gado gaba ɗaya, sai ya ba ta labarin shari'ar Ukeje, inda Kotun Ƙoli a 2014 ta soke al'adar Ibo da ke hana 'ya mace gadon mahaifinta, domin ta saɓa wa sashe na 42 da ya haramta wariya. Wannan ya nuna mini cewa idan ra'ayin jama'a game da abin da ya dace ya sauya, doka ma takan bi baya, ko da za ta daɗe a hanya.

Akwai inda ofishin ya gaza, kuma wajibi ne in faɗa. Mafi girma shi ne takardar yarjejeniyar rabon da Turanci zalla aka rubuta ta, alhali mata biyun da za su dangwala yatsa a kai ba sa karanta shi. Sai da na nace sannan aka fassara ta aka karanta musu layi-layi, kuma ko a lokacin ba a ba su kwafin Hausa su riƙe ba. A ganina ofishin da yawancin masu zuwansa Hausawa ne bai kamata ya jira sai an roƙa ba, domin mutum ba ya amincewa da abin da bai ji ba. Na biyu, ba a faɗa mana dukkan kuɗin da za mu kashe tun farko ba, sai da aiki ya yi nisa aka kawo maganar kuɗin safiyo da na masu kimantawa, abin da ya jawo ƙananan maganganu tsakanin 'yan'uwa. Sau biyu muka je bisa alƙawari muka tarar yana kotu ba tare da an kira mu ba, kuma matakalar benen tana da tsayi da ƙunci ƙwarai, har sai da muka riƙa tallabar Hajiya Babba kafin ta hau.

Wanda zai je, ya tafi da takardar shaidar rasuwa, da duk wata takardar gida ko fili komai tsufanta, da jerin sunayen magada, da sunayen waɗanda ke bin mamacin bashi da waɗanda yake bi, kuma ya nemi a rubuta masa kuɗin kowane mataki tun ranar farko. Mu dai an kammala rabon gida da shago, kowa ya karɓi nasa ba tare da mun taka kotu ba. Filin kuma an yi awonsa an kafa duwatsu, an shigar da takardunsa ma'aikatar filaye ta jiha da sunan magada, kuma lambar fayil ɗin tana hannun babban yayanmu muna jiran a kira mu.